Sabar Batsari Mai Irin Halina

Duk wanda ya san ni a Safana ya san kalmomi biyun da ba sa barin bakina: an gama. Ka ce in duba maka waya, an gama. Ka ce in buga maka takardar neman aiki, an gama. Matata ta ce ƙofar kicin ta ɓalle, an gama, kuma ƙofar nan sai da ta ga damina biyu a jingine da bango. Ba da niyyar ƙarya nake faɗa ba, Allah ya sani. A lokacin da maganar ke fita, aikin ya riga ya kammala a zuciyata, saura kawai hannu ya biyo baya. To, hannun ne ke da nawa.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Safana, amma a Zakka aka yanke mini cibiya. A makarantar muna da ɗaki guda na kwamfutoci, inda 'yan ajin ƙarshe ke gwada hannu kafin jarrabawar shiga jami'a, tunda yanzu a kwamfuta ake rubuta ta. A ƙuryar ɗakin akwai wata babba da muke kira saba, ita ce uwar sauran. A cikinta an yanka ƙananan kwamfutoci marasa jiki. Ba ka iya taɓa su, amma kowace da faifan ajiyarta da aikinta: ɗaya na riƙe da tambayoyin gwaji, ɗaya sakamakon ɗalibai, ɗaya kuma ta koyon buga rubutu ce. Manhajar da ke yin wannan yanka, ta ba kowace ɗakinta, sunanta haifabaiza. Ni dai maigidan haya nake cewa idan ina wa ɗalibai bayani, kuma sun fi ganewa da haka.

Matsalarmu wuta ce. Ta gari baƙuwa ce, sai ta ga dama take leƙo mu, don haka da sola da batura muka dogara. Idan batir ya mutu saba na tsakiyar aiki, sai abin da Allah ya yi. Shi ya sa na zauna hutu biyu cur na rubuta tawa manhajar, wadda za ta riƙa ba maigidan haya umarni. Shafi ɗaya ne tak, da maɓallai da Hausa: kunna, kashe, ajiye kwafi. Amma abin da na fi taƙama da shi shi ne gadin batir. Da zarar ta ga caji ya yi ƙasa, sai ta ce wa maigida ya ɗauki sabon kwafin kowace ƙaramar kwamfuta. Idan ya amsa, ta share kwafin jiya, domin faifanmu ƙarami ne, ba ya ɗaukar biyu. Daga nan ta sa a kashe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta taɓa wani ɗan makunni da na sayo a Katsina na haɗa da hannuna, ya yanke wa saba wuta, don kada a tsotse batir har ya lalace. Shekara biyu tana wannan aiki ba ta taɓa ba ni kunya ba. Har tafiyata ta canza a cikin makaranta, na fara goya hannu a baya kamar sufeto. Na so in laƙaba mata sunana, matata ta ce in fara gyara ƙofar kicin tukuna.

Labarin manhajar ya kai Batsari, ya shiga kunnen Malam. Malam shi ne ya koya mini lissafi tun ina aji ɗaya, kuma har yau idan na ji muryarsa a waya sai na miƙe tsaye. Ya yi ritaya, amma zaman gida ya gagare shi. Kullum yana makarantar da ya bari, a ɗakin kwamfuta, kuma litattafansa ne suka kai shi can. Shekara talatin da wani abu ya yi yana tara tambayoyin lissafi a litattafan rubutu masu bangon kwali. Ba irin waɗanda ake kwafowa daga littafin kasuwa ba ne. Kowace tambaya na da amsa huɗu, ɗaya daidai, uku kuskure, kuma kowane kuskure sai da wani ɗalibi na gaske ya taɓa tafka shi a gaban Malam. A gefen shafi yakan rubuta da jan biro inda kuskuren ya fito da abin da ya jawo shi. Yaro na zaɓar amsa ta uku, Malam ya riga ya san inda ƙafarsa ta zame, tun kafin yaron ya buɗe baki.

Da tsofaffin ɗalibai suka haɗu suka saya wa makarantar saba, Malam ya zauna da yatsu biyu ya shigar da tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Shekara uku ya yi yana bugawa, kuma tsere yake da idonsa. Likita ya gaya masa ganin tafiya yake ba zai dawo ba. Lokacin da ya buga ta ƙarshe, hancinsa na kusan taɓa allon. Aikin rayuwarsa gaba ɗaya ya koma cikin ƙaramar kwamfuta guda marar jiki a sabar Batsari, kuma babu sauran idon da zai sake yin wani.

Wata Laraba ya kira ni. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Zakka da yadda gero ya yi bara, ya tambayi ƙafar mahaifiyata. Sannan ya ce, "Na ji an ce ka yi wani abu da ke tsare na'ura in wuta ta ɗauke. Mu ma nan baturanmu sun fara tsufa. Za ka iya kawo muna?"

Na ce, "An gama, Malam."

Ranar Asabar na hau babur da sassafe, domin hanyarmu ba wadda ake bari la'asar ta riski mutum a kanta ba ce. Na isa da jakata da taƙamata, na zauna gaban sabarsu, na aika umarni na farko. Ba ta ba ni komai ba sai jan rubutu. Na sake, ta sake. Ashe wanda ya haɗa musu ita wani ne daga Kano da ya yi aikinsa ya tafi, kuma maigidan hayar da ya saka ba irin nawa ba ne. Aiki ɗaya suke yi, amma kowane da yadda ake masa magana. Ni kuwa na gina manhajata kamar duniya ba ta da wani maigida sai na Safana. Umarninsa na warwatse a ko'ina cikinta kamar tsakuwa a shinkafa.

Malam na zaune gefena, ba ya ganin allon, amma yana jin yadda nake dukan kibod. Ya ce, "Ta ƙi ko?"

Na ce, "A'a, Malam, yare ne ya bambanta. Tafinta za a yi mata."

Na koma Safana na yi wata biyu ina tsintar tsakuwa. Na hana manhajar yin magana da maigida kai tsaye. Ita dai ta faɗi abin da take so, kunna ko kashe ko ajiye kwafi, sai tafinta ya juya mata zuwa yaren maigidan da ke wurin. Na yi tafinta guda na Safana, guda na Batsari, kuma idan gobe aka kawo wani iri na uku, tafinta kawai za a ƙara ba tare da an taɓa sauran ginin ba. Dabara ce mai kyau, har yau ina kan bakana. Ba ni na ƙirƙiro ta ba, masu wannan aiki sun daɗe suna yi, amma na yi ta ba abokai labari a majalisa kamar a mafarki aka nuna mini. Littafin bayanin maigidan Batsari kuwa da Turanci yake, kuma kafin jerin umarnin akwai wani babi mai shafuka da yawa, ba hoto ko ɗaya. Na duba tsawonsa, na tsallake, na ce zan dawo.

Na koma Batsari cikin bazara, rana ta take, batura cike. Na danna kunna, ta kunna. Na danna kashe, ta kashe. Da na danna ajiye kwafi sai na ga abin mamaki. A Safana idan na danna wannan, ina iya fita in sha ruwa in gaisa da maigadi in dawo kafin amsa ta zo. A nan kuwa kafin in ɗage yatsa amsa ta iso, tare da wata doguwar lamba da na kalla sau ɗaya na kau da kai.

Na ce, "Malam, taku ta fi tawa sauri nesa ba kusa ba."

Ya ce, "Duk tambayoyin nan ta kwahe yanzu-yanzu?"

"Na'urar zamani ce, Malam."

Ya jujjuya carbinsa. Can ya ce, "To. Ni dai a aji, wanda ya riga kowa ɗaga hannu, littafinsa nake fara dubawa." Ya laluba aljihu ya ciro sabon filash na ajiyar bayanai da ya sa aka sayo masa, yana cikin ledarsa ba a ɓare ba. "Duk da haka ka sa mani su cikin ɗan abin nan, in aje a gida."

Na ce an gama, na jefa shi a aljihun jaka. Gadin batir kuwa ban gwada ba, domin gwada shi na nufin in zauna har caji ya sauka, ga rana ta fara karkata, ga hanya. Na ce ai abin da ya yi shekara biyu yana aiki a Safana ba sai an gwada shi ba. Na haɗa musu ɗan makunnin yanke wuta irin nawa, na sha furar da aka kawo daga gidan Malam, na hau babur ina jin kaina.

Sau biyu Malam ya sake tambayata a waya kan kwafa tambayoyin a filash. Na farko na ce ina kai. Na biyu, farkon damina ne, ya ce, "Wai ka kwafa kuwa?" Na ce, "An gama, Malam, yana jakata, in na zo zan kawo." Rabin maganar gaskiya ne. Yana jakata.

Sai marka ta zo. Kwana uku hadari bai ɗaga ba, sola ba ta samu ko loma ba. A rana ta uku da hantsi, ɗalibai na tsakiyar gwaji, cajin Batsari ya sauka, manhajata ta farka ta kama aikinta a karon farko a garin. Ta ce wa maigida ya ɗauki sabon kwafi, ya amsa nan take. Ta share na jiya. Ta ce ya kashe 'yan haya, ya amsa nan take. Ta taɓa makunni, wuta ta yanke. Duk wannan bai kai tsawon atishawa biyu ba. Tsohon kwafi an share shi, sabon bai kai ko'ina ba, ita kuma kwamfutar tambayoyin an yanke mata wuta tana tsakiyar rubutu a faifanta.

Kashegari rana ta fito, Malam ya kira. Bayan gaisuwa ya ce, "Saba ta tashi, amma tambayoyin ba su tashi ba. Ba komi, ka taho da ɗan abin nan."

Na buɗe baki, kalmomina biyu suka ƙi fitowa. Na ce, "To, Malam."

Kwana uku ina zirga-zirga tsakanin Safana da Batsari, in tafi da safe cikin taɓo, in dawo kafin la'asar. Ƙaramar kwamfutarsu ta sakamakon ɗalibai ta tashi, ta koyon rubutu ma ta tashi, domin ba su cikin aiki lokacin da abin ya faru. Ta tambayoyin kuwa na bi ta duk hanyar da na sani da wadda na tambayo, abin da na iya cirowa gutsattsarin layuka ne, kan tambaya ba wutsiya, amsa ba tambaya. A rana ta biyu ne na buɗe babin nan da na tsallake, na karanta shi a gaban sabar.

Bayanin a fili yake, tun a shafin farko. Maigidan Safana idan ka sa shi aiki, shiru yake yi sai ya kammala sannan ya amsa. Na Batsari kuwa da ka yi magana yake cewa ya karɓa, ya miƙo maka lamba kamar mai gyaran waya, sannan ya tafi ya fara aikin a lokacin da ya samu sarari. Kai ne za ka riƙa dawowa da lambar kana tambaya ko an kammala. Na fassara umarninsa ɗaya bayan ɗaya ba kuskure, amma ban tsaya na san halinsa ba. Na karanta, na sake karantawa, sai na ji kamar takardar shaidar halina ake karanta mini. A duk faɗin ƙaramar hukumar nan, idan akwai wanda ya kamata ya gane mai amsawa kafin ya yi aiki, ni ne. Kuma ko a nan maigidan Batsari ya fi ni, domin shi yana ba da lamba, in ka dawo da ita kuma gaskiya yake gaya maka.

A rana ta uku na je gidan Malam. Na same shi a zaure bisa buzu. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwar da na so ta yi tsawo har azahar. Da ta ƙare na ciro filash ɗin na sa masa a hannu. Ya shafa shi da yatsu, ya bi bakin ledar ya ji a liƙe take yadda ya ba ni. Ya daɗe yana shafawa.

Na gaya masa duka, ban rage ba. Sannan na yi sauri na ce, "Amma Malam, litattafan suna nan ai. Ni zan sake bugawa da hannuna, ko shekara nawa zai ɗauke ni."

Ya tashi yana dafa bango ya shiga cikin gida. Ya dawo da 'yan takardu ƙulle da zare, ba su kai kaurin yatsa ba, ya ajiye a gabana. Na kwance. Shafin farko ne na kowane littafi, kowane da bisimilla a samansa da rubutun Malam, sai shekarar da aka fara shi.

Ya ce, "Ɗakin da suke ya fara yoyo, gara kuma ta shiga biyu. Da ka ce suna wuri biyu, a saba da ɗan abin nan, sai na ga mi zan yi da su, ni da ba gani nake ba. Maƙwabcina mai nama ya daɗe yana roƙona takarda. Na cire masu sunan Allah, na ba shi sauran."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba na fatan in sake. Da ya zage ni, ko ya ɗauko bulalar da ya yi ritaya da ita, da na samu sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce in sha, na sha rana.

Mai naman yana da teburin balangu a bakin tasha. Dattijo ne mai fara'a, wuƙa a hannu, tsumma a kafaɗa. Na yi sallama, muka gaisa, na tambayi kasuwa, sannan na shigo da maganar a kunyace.

Ya ce, "Takardun Malam? Ai takarda ce ta ƙwarai, ba ta yagewa, ga shan mai. Mi za ka yi da su?"

Na yi masa bayani iya yadda zan iya, na tsallake inda sunana ya fi fitowa. Ya ajiye wuƙar ya dube ni.

"Kai ne mai na'urar? To ai lissahin Malam ya shiga gari. Rabin Batsari sun ci nama da shi."

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo buhu. Cikin litattafai ashirin da 'yan kai, bakwai suka rage da bangonsu, sai wani guda da aka ci rabinsa, yana kan tebur kusa da kwanon yaji. Ina tsaye wani direba ya zo sayen nama, hannun dattijon ya tafi kan littafin da sabo, na riga shi na dafe. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya naɗe wa direban a takardar siminti.

Bai karɓi komai a hannuna ba. Ya ce Malam ya koyar da ɗiyansa uku, in kwashe in tahi, amma in kawo mashi wata takardar, don ba a miƙa wa mutane nama a tahin hannu. Asabar ta gaba na kawo masa tulin takardun da na buga tsohuwar manhajata a kai, waɗanda na adana a ofis don tarihi. Ya gwada guda, ya ce ba ta kai ta Malam shan mai ba, amma za a yi haƙuri da ita. Shi ne kuma ya riƙa gaya wa masu sayen nama cewa duk wanda ke da takarda mai jan biro a gefe ya dawo da ita. Wasu suka dawo, daga gidajen da aka ajiye su don hura wuta, daga aljihun 'yan acaɓa, kowace da tabon mai har ana ganin haske ta cikinta. Mafi yawa ba su dawo ba.

Gyaran manhajar bai ɗauke ni ko wuni guda ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Layuka kaɗan na ƙara wa tafintan Batsari. Ya karɓi lambar, ya riƙa komawa yana tambaya, kada ya ce wa manhajar komai sai maigida ya tabbatar an kammala. Ita kuma kada ta share tsohon kwafi sai ta buɗe sabon ta ga yana buɗuwa. A wannan karon na cire wayar sola da gangan, na zauna ina kallon caji na sauka har gadin batir ya yi aikinsa daga farko zuwa ƙarshe. Na ɓare ledar filash ɗin ma, na kwafe abin da ya rage a cikinsa. Da na koma gida ranar, na ɗauko guduma na kafa ƙofar kicin. Matata ta tsaya tana kallona, ta tambaya ko lafiya.

Tun daga lokacin, Asabar ɗina ta Batsari ce. Muna zama a ɗakin kwamfuta, ni gaban kibod, Malam a gefena. In ɗauko shafi in karanta da ƙarfi, ya saurara ido rufe, ya gyara inda mai ya cinye lamba, in buga. Idan muka zo inda shafuka suka ɓace, sai ya gwada tunowa. Tambayar takan dawo masa, amsar daidai kuwa ko a barci ya san ta. Kurakuran ne ba sa dawowa. Na taɓa cewa mu ƙirƙiro wasu mu cike gurbin, ya ce wanda babba ya zauna ya ƙirƙira ba ya kama yaro, sai wanda yaro ya yi da kansa. Don haka akwai tambayoyi da yawa da muka bari da amsa biyu ko uku, akwai kuma shekaru sukutum na aikinsa da suka tafi ba za su dawo ba. Ni na jawo, kuma duk Asabar sai na tuna.

Wata Asabar bayan an yi girbi, na jawo wani shafi daga cikin waɗanda suka dawo daga gari. Ya sha mai, ga jan yaji a kusurwa. Na karanta: manomi ya samu damin gero sittin, ya ware kashi ɗaya cikin goma na iri, ya raba sauran daidai a rumbu uku, dami nawa ke cikin kowane rumbu. Amsoshin su ne sha takwas, ashirin, shida, da hamsin da huɗu. Kusa da ta ƙarshen akwai jan biro. Idona ya riga bakina isa wurin, sai na tsallake shi.

Malam ya ce, "Mi aka rubuta a gehe?"

Na ce, "Mai ya ɗan taɓa wurin, Malam."

"Karanta abin da ya bari."

Man bai taɓa ko harafi ɗaya ba. Na karanta: "Ɗan Zakka, aji biyu. Ya iya, amma yana ajiye biro kafin aiki ya ƙare."

Malam ya jinjina kai a hankali. Ya ce, "Ka tuna shi?"

"Na tuna shi, Malam."

"Yana nan?"

"Yana nan."

"To saka ta. Har yanzu tana kama mutane."

Na buga tambayar da amsoshinta huɗu, na buga abin da ke gefe yadda yake, ban rage kalma ba. Sannan na danna ajiye kwafi, lambar ta fito, muka zauna muna jira. Fankar sabar na juyawa, a waje wani na sauke buhunan gyaɗa daga a-kori-kura. Can Malam ya juyo da fuskarsa wajena.

Ya ce, "An gama?"

Na dubi allon. Na ce, "Tukuna, Malam."